Silib ko baifas? Nauyina kilo 88 ne, likitoci biyu sun ba ni shawara biyu

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, don Allah wadda ta san abin ta taimaka. Shekarata 37, tsayina mita 1.63, nauyina kilo 88, wato BMI ɗina (ma'aunin nauyi a kan tsayi) 33. Na san za a ce wannan ba ƙibar tiyata ba ce, to ba don kwalliya nake nema ba. Shekara huɗu ke nan ina fama da ciwon suga, ina shan metformin da wani maganin a kai, amma gwajin HbA1c (mai nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku) na ƙarshe 8.2 ya nuna, har likitana ya fara zancen insulin. Ga hawan jini. Mahaifiyarmu suga ne ya taɓa mata ƙoda, na ga abin da wankin ƙoda yake yi wa mutum da iyalinsa. Na tura takarduna ga likitoci biyu a Alƙahira kan tiyatar rage ƙiba. Na farko ya ce silib (yanke tumbi a rage shi), wai tunda ƙibar ba ta kai can ba ƙaramin aiki ya ishe ni. Na biyu ya tambaye ni ko ina ƙwannafi, na ce kusan kullum da dare sai na sha omeprazole. Nan take ya ce shi ba zai yi min silib ba, sai baifas (sauya wa abinci hanya ya tsallake yawancin tumbi). Baban Hanif ya ce in bincika in zaɓa, shi nasa biyan kuɗi da rakiya. Kaina ya kulle.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ke 'yar nan, kilo 88 ne har za ki kai kanki a yanka? Mu a zamaninmu wannan ita ce mace ta zauna daidai a ɗakinta. Ki rage tuwon dare da lemon kwalba, ki riƙa zagaye unguwa bayan asuba. Cikin da Allah ya ba ki lafiyayye kuma a yanke a zubar?

Maman Hanif: Mama na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi lemo na manta rabona da shi, shinkafa sai ranar Juma'a. Nakan sauke kilo shida ko bakwai, kafin shekara ta zagayo sun dawo da 'yan rakiya.

Anti Bilki, nas a Birmingham: Hajiya, da a ce nauyin ne kawai da na goyi bayanki. Amma ki dubi sugan. Tsohuwar ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ita ce ta ce sai BMI 40, ko 35 idan akwai wata cuta. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni guda biyu, ASMBS da IFSO, suka sauya: daga 35 zuwa sama ana iya yi ko babu wata cuta, daga 30 zuwa ƙasa da 35 kuma ana duba yiwuwar yi idan akwai irin su ciwon suga da ya ƙi jin magani. Mutanen Asiya ma an sauko musu zuwa 27.5. Saboda haka Maman Hanif tana cikin layi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar "ƙaramin aiki". A silib ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi, a ɗinke ragowar da sitefula ya zama siriri, abin da aka yanke kuma a zaro shi ta ɗaya daga cikin hujin da aka yi a ciki. Ya tafi ke nan har abada. A baifas ba a cire komai: ana ware 'yar ƙaramar jaka a saman tumbin, mai ɗaukar kamar mililita 30, a jona ta da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake ragowar tumbin da farkon hanjin. Silib ya fi saurin yi a ɗakin tiyata, shi ya sa ake ce masa ƙarami, amma wanda ba a iya mayarwa shi ne.

Ummu Sultan: Maman Hanif, ni ce wadda kike nema. BMI 34 nake lokacin da aka yi min silib a Istanbul, kuma ina da ɗan ƙwannafi kafin aikin, wanda ko tambayata ba a yi ba. Nauyi kam ya sauka, daga 92 na dawo 69, gwiwoyina sun huta, ba zan ɓoye alheri ba. Amma ƙwannafin ya zama wani abu daban. Filo uku nake jerawa in kwana a jingine. Idan na kuskura na ci wani abu bayan isha'i, tsakar dare zan farka da ruwa mai tsami ya taso har cikin hanci, ina tari kamar an shaƙe ni, sai na tashi na zauna a bakin gado har ya lafa. Miyar da ta ji tattasai da attaruhu na sallama ta. Bara aka leƙa min ciki da kyamara, aka ce hanyar abincin ta fara ƙonewa daga ƙasa, kuma maganin da ake ba ni shawara yanzu shi ne a mayar da silib ɗin baifas. Aiki biyu, kuɗi biyu. Likitan da ya tsaya ya tambaye ki ƙwannafi, shi ne ya san aikinsa.

Meenal: Tsakani da Allah ni ban ga dalilin wuƙa a wannan zamanin ba. Ga Ozempic, ga Mounjaro, allura ɗaya a mako. Kuma asalinsu ma maganin suga ne. Me ya sa ba za ta fara da su ba?

Dakta Zee: Salamu alaikum. Ni ba likitar tiyata ba ce, masu suga da hawan jini nake gani a asibiti, kuma abin da zan faɗa ba zai maye gurbin ganin likita ido da ido ba.

Meenal tambayarki tana kan hanya. A babban gwajin semaglutide, sinadarin da ke cikin Ozempic, da aka buga a 2021, mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Na tirzepatide, wato Mounjaro, a 2022 ya kai kusan kashi 21 a mafi girman awo. Sai dai waɗannan alƙaluman na waɗanda ba su da suga ne, masu suga ba su kai haka saukewa. Sannan da aka bi waɗanda suka daina semaglutide, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Wato magani ne na ci gaba da yi, ba na wata shida ba. Duk da haka, mai BMI 33 da ba ta taɓa gwada su ba, ni zan so ta gwada a hannun likita kafin ta hau jirgi.

Game da tiyatar, akwai binciken da ya shafe ki kai tsaye Maman Hanif, domin ya haɗa da masu BMI tun daga 27. Sunansa STAMPEDE, an yi shi a Cleveland Clinic ta Amurka kan mutum 150 masu suga. Bayan shekara biyar, a sakamakon da ya fito a 2017, waɗanda HbA1c ɗinsu ya sauko zuwa 6 ko ƙasa su ne kashi 29 cikin ɗari na 'yan baifas, kashi 23 na 'yan silib, kashi 5 na masu magani kaɗai. Ku lura da abu biyu. Tiyata ta yi wa magani fintinkau, amma ko a baifas ɗin ba kowa ne ya rabu da sugan kwata-kwata ba. Duk wanda ya ce miki "za ki warke ɗari bisa ɗari" talla yake yi. Abin da ke gefenki shi ne sugan naki bai daɗe ba kuma ba ki fara insulin ba, irinku ne aka fi samun nasara a kansu.

Ƙwannafin kuwa, wani bincike na ƙasar Suwizalan mai suna SM-BOSS ya kwatanta aikin biyu, aka buga a 2018. Ƙwannafi ya ƙaru ga kusan kashi 32 cikin ɗari na 'yan silib, amma kashi 6 kawai na 'yan baifas. Masu shi tun farko kuma, kusan kashi 60 sun rabu da shi bayan baifas, kashi 25 bayan silib. Dalilin a fili yake: siririn tumbi matsinsa ya fi yawa, sai ya riƙa tura ruwan tsami sama. A baifas kuwa 'yar jakar ba ta samar da tsami mai yawa, ruwan matsarmama ma an karkatar da shi nesa.

Meenal: Na ji Dakta. Amma ai allurar idan ba ta karɓe ki ba sai ki daina, tumbinki na nan.

Maman Hanif: Meenal, ai na yi allurar wata huɗu. Ta yi aiki, sugan ya sauka. Kuɗin ne ya gagara da dala ta tashi, ga neman ta asali, ga ajiyarta a firij da wutar nan tamu. Ranar da na lissafa kuɗin shekara uku sai na ga ya kama hanyar kuɗin tiyatar.

Anti Bilki, nas a Birmingham: Kuma jabunta na yawo, ko WHO ta fitar da gargaɗi a 2024 kan Ozempic na bogi da aka kama a wasu ƙasashe, har da nan Ingila. Masu saye a Instagram ku yi hattara.

Zahra daga Yamai: Sannunku 'yan uwa. Kar a sa baifas ya zama kamar babu laifinsa, ni shi aka yi mini a Tunis, kuma zan faɗi gaskiya. Sugana ya daidaita, shekara uku ban sha magani ba, alhamdulillahi. Amma ga kuɗin da nake biya. Wata rana wurin biki na sha rabin kofin zoɓo mai sukari a kan 'yar shinkafa. Ba a yi minti ashirin ba zufa ta keto mini, zuciya na bugawa kamar za ta fito, hannu na rawa, ciki na murɗawa. Sai da na nemi ɗaki na kwanta a kan darduma, mata na ta yi mini fifita suna cewa ko iska ce. Lokotoro ya riga ya gaya mini haka za ta faru idan zaƙi ya zubo cikin hanji kai tsaye. Yanzu fura sai babu sukari, ita ma 'yan kurɓi.

Na biyu, ƙarancin jini. Wurin da jiki ya fi tsotsar sinadarin ayan da kalsiyam shi ne farkon hanjin da aka tsallake. Ni kuma al'adata mai yawa ce. Sai da aka yi mini ƙarin ayan ta jijiya. Allurar B12 duk wata uku, ƙwayoyin bitamin kullum, har ƙarshen rayuwa. Wadda ta san ko maganin zazzaɓi ba ta iya ƙarasawa, ta yi wa kanta hisabi tun yanzu.

Hajiya Babba: To kun ji. An gudu daga ƙwaya an faɗa wa ƙwaya.

Zahra daga Yamai: Hajiya ai bitamin da insulin ba ɗaya ba ne. Da a sake ba ni zaɓi, shi zan sake zaɓa.

Maman Hanif: Abin da ya fi tsorata ni da baifas shi ne kar in ƙare. Masu kilo 140 ake yi wa, ni da nake 88 idan ya zuƙe ni fa? Kar in dawo gida dangin miji su ce wata cutar ce.

Dakta Zee: Wannan tsoron kusan duk mai ƙaramin nauyi tana da shi, kuma shi ne yake tura mutane ga silib ko da bai dace da su ba. Jiki ba kilo yake ƙirgawa ba, kaso yake saukewa. A yawancin mutane silib kan sauke kamar kashi 25 cikin ɗari na nauyi, baifas kamar kashi 30, masu ƙaramin BMI ma sau da yawa ba su kai haka. Yi lissafi da naki: kashi 25 zai kai ki kilo 66, kashi 30 zai kai ki wajen 62. A tsayinki duka biyun suna cikin nauyin lafiya, BMI tsakanin 23 da 25. Kuma bayan shekara biyu yawanci wasu 'yan kilo kan dawo. Ramewa fiye da kima tana faruwa, amma ba ita ce aka saba gani ba, kuma an fi ganinta idan an tsallake hanji mai tsawo.

Shi ya sa ki tambayi likitan na biyu wane baifas yake nufi. Akwai na asali mai jonin biyu, wanda ake kira Roux-en-Y. Akwai kuma wanda ake tallatawa da sunan "mini", mai joni ɗaya. Sunan na yaudara, domin shi yakan tsallake hanji mai tsawo, kuma ruwan matsarmama na iya tasowa sama. Mai ƙwannafi kuma mai BMI 33, ni ba zan so mata shi ba.

Ummu Sultan: Dangin miji kuwa ko me kika yi sai sun yi magana. Ni har gidanmu aka je tambaya ko lafiya. Gashina ma ya zube sosai wajen wata na huɗu, ya dawo daga baya.

Amaryar Alhaji: Don Allah ni tambayata balan-balan ɗin da ake sawa a ciki fa? Na ji babu yanka. Da kuma wanda ake ɗinke tumbi ta baki.

Anti Bilki, nas a Birmingham: Balan-balan na wucin gadi ne, wanda aka fi sani wata shida yake yi a cire, kuma da yawa nauyin na dawowa. Makon farko amai ne ba ƙaƙƙautawa, ƙwannafi ma yakan ƙaru. Ɗinki ta baki, ESG, Amurka ta amince da kayan aikinsa a 2022 ga masu BMI 30 zuwa 50, yana sauke wajen kashi 13 zuwa 15. Ga wadda nauyi ne kawai damuwarta abin dubawa ne. Ga mai suga 8.2 ƙarfinsa bai kai na sauran biyun ba. Zoben da ake ɗaura wa tumbi kuwa, a wurin aikinmu cire shi muka fi yi yanzu fiye da sawa.

Admin: Na goge saƙon wata da ta turo lambar waya da "farashi mai rahusa, har da otal da yawon buɗe ido". Ba a tallan dillalan asibiti a nan. A ci gaba.

Maman Ilham: Ni abu biyu ban ji an taɓo ba. Kin gama haihuwa? Sannan azumi fa?

Maman Hanif: Uku gare ni, ina son ƙarin ɗaya in Allah ya kawo. Azumi kuwa wallahi ban ma yi tunaninsa ba.

Dakta Zee: To wannan ya ƙara nauyi a ɗaya gefen sikelin, dole a faɗa. Bayan kowanne daga cikinsu ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, lokacin da nauyi ke zuba. Kuma haihuwa takan buɗe da zarar nauyi ya sauka, mata da yawa cikin bazata suke samu. Bayan baifas ba a dogara da ƙwayar tazarar haihuwa ta sha, domin jiki ba lallai ya tsotse ta yadda ya kamata ba, sai a koma ta hannu ko ta mahaifa. Mai ciki bayan baifas tana buƙatar a riƙa bin jininta da bitamin ɗinta sosai, kuma duk ciwon ciki mai tsanani ba a ce "na ciki ne" a zauna, domin hanji na iya zamewa ya maƙale a wani gurbi da aikin ya bari. Ruwan sukarin nan da ake ba masu awo su sha don gwaji ma ba a ba ta. A wannan fannin silib ya fi sauƙin sha'ani. A shekara 37, wata hanyar ita ce a daidaita sugan da magani, a yi haihuwar, sannan a yi aikin. Wannan ke da likitan mata da maigida za ku zauna a kai.

Zahra daga Yamai: Azumin farko ban yi ba, na rama daga baya, malaminmu ya ce hukuncin mara lafiya ne. Matsalar ba yunwa ba ce, ruwa ne. Ba ki iya ɗaga kofi ki shanye, sai kurɓi-kurɓi, kuma ba a haɗa ci da sha, sai an ba da kamar rabin awa. Ki auna wannan da zafin Yamai ko Kano a watan Afrilu. Yanzu ina yi: in buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya tak, in yi magariba, sannan ƙwai ko farfesun kifi. Kunu mai sukari da ƙosai a tashi ɗaya irin na da, wannan ya wuce. Ki sa a yi aikin bayan sallah, kar ki yi shi gab da Ramadan.

Anti Bilki, nas a Birmingham: Ƙarin abu ɗaya da ya shafe mu sosai. Mu mutanen Feldene da diclofenac da ibuprofen ne, ciwon baya kaɗan a aika yaro kemis. Bayan baifas waɗannan sun haramta gare ki, suna haddasa gyambo daidai wurin jonin, har ya huje. Shisha da sigari ma haka. Idan kina da ciwon gaɓoɓi da ba ki iya zama sai da su, ki gaya wa likitan tun yanzu.

Sannan wa zai duba ki idan kin dawo? Mutuwa a wannan aikin ba ta da yawa, a ƙwararrun hannu kamar ɗaya zuwa uku ce cikin dubu. Amma yoyon ɗinki yakan bayyana ne a kwanakin farko zuwa 'yan makonni, wani lokacin mutum ya riga ya sauka a gida. Bugun zuciya sama da 120, zazzaɓi, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama: wannan ba maleriya ba ce, asibiti ne a daren. Amai da ya ƙi tsayawa kuma yana ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Muna karɓar waɗanda suka dawo daga waje da takarda shafi ɗaya, ba a ma rubuta tsawon hanjin da aka tsallake ba. Ki nemi likitan tiyata a gida wanda ya yarda zai karɓe ki tun kafin ki tafi, ki zauna can aƙalla kwana goma, ki taho da cikakken rahoton aikin da Turanci.

Hajiya Babba: Ni dai har yanzu raina bai kwanta ba, amma na ji batun mahaifiyarki. Allah ya jiƙan na gaba, ya ba ki lafiya. Ki yi istihara kafin komai.

Ummu Sultan: Dakta, ni da za a mayar min da nawa baifas, haɗarin ɗaya ne da na farko?

Dakta Zee: Aiki na biyu ya fi na farko wuya saboda tabon ciki, haɗarinsa ya ɗan fi, amma ana yinsa sosai kuma ƙwannafi na daga cikin manyan dalilan yinsa. Ki nemi wanda ya saba da gyara, ba mai aikin farko kawai ba.

Maman Hanif, kafin ki amsa wa kowannensu, a leƙa cikin da kyamara, ana yi a manyan asibitocinmu ba sai kin fita ba. A duba ko hanyar abincin ta ƙone, ko saman tumbin ya zame sama ta tantanin ƙirji, a kuma gwada ƙwayar cutar tumbi H. pylori, wadda ta yi yawa a cikinmu, a kashe ta tukuna. Wani "ƙwannafin" da ita ake rabuwa da shi. Idan an ga ƙonewa sosai ko Barrett (sauyawar fatar cikin hanyar abinci saboda tsami), zancen silib ya ƙare. Idan an ga komai lafiya, to a nan ne muhawarar take da gaske, kuma batun haihuwar zai shigo da ƙarfinsa.

Maman Hanif: Amin Mama, zan yi in sha Allahu. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na karɓi ranar leƙen cikin, Talata mai zuwa. Na kuma tura wa likitan na biyu tambayar wane baifas yake nufi da tsawon hanjin da zai tsallake, na farkon kuma na tambaye shi me zai yi da ƙwannafin. Dakta, omeprazole ɗin in ci gaba da sha har ranar?

Dakta Zee: Kira su yau ki tambaya. Idan za su gwada H. pylori yawanci ana so a dakatar da shi mako biyu kafin nan, in ba haka ba yana ɓoye ƙwayar, gwajin ya fito babu alhali tana nan. Wataƙila su ɗaga miki ranar. Ki kuma gaya musu kina shan maganin suga, don su tsara miki yadda za ki yi da shi tunda ba za ki karya ba da safen.